Silifas ɗin Garzali

Dawowarsu daga masallacin Juma'a ke nan, tun ba su gama cire takalma ba, suka ji muryar Zulkiflu daga saman bene. Ba ihu yake yi ba, salati kawai yake ta maimaitawa cikin wata murya da ba a san shi da ita ba. Har Baballe kuku, wanda ko tukunya na ƙonewa ba ya sauri, sai ga shi yana hawa matakala bibbiyu.

Lado, dattijon mai gadi, shi ne ya riga kowa isa sama, ya ware hannuwa ya tare hanya. "Kada wanda ya taka nan," ya ce.

Da hantsin ranar Baballe ya barbaɗa garin maganin kyankyaso a barandar sama, kuma da yake hannunsa bai san kaɗan ba, ko a gishiri ko a yaji, sai ya mayar da barandar fari fat tun daga bakin matakala har ƙarshe. A kan farin nan akwai sawu iri biyu. Ɗaya na Zulkiflu ne, ƙafa ba takalmi, wanda ya shiga yanzu. Ɗayan na silifas ne, ya je ɗakin Zulkiflu ya dawo.

Zulkiflu na tsaye a tsakiyar ɗakinsa, riƙe da jaka a buɗe. "Fasfo ɗina, Baba Lado. Da safe na gan shi da idona. Babu shi."

Kowa a gidan ya san jibi jirginsu zai tashi zuwa Indiya. Maganar tafiyar ta samo asali ne tun zaman kullen korona, lokacin da masu gadi da direbobin da kamfani ya ajiye a gidan nan na unguwar Mesaimeer da ke Doha, ƙasar Qatar, ba su da abin yi bayan aiki sai kallon waya. A nan Zulkiflu ya kamu da son damisar Indiya, mai ratsin baƙin nan da ake ce wa taiga, ya ci alwashin in Allah ya kai su bayan gasar cin kofin duniya sai ya je ya gan ta ido da ido. Gasar ta zo ta wuce, sun sha tsayuwa a ƙofofin filayen wasa har ƙafafu suka kumbura, kamfani ya ba su hutu. Zulkiflu ne ya shirya komai, nasa da na 'yan gidan da za su bi shi: jirgin sama, jirgin ƙasa, masauki a bakin daji, buɗaɗɗiyar mota da ɗan jagoran da zai shiga da su da sassafe. Ɗan jagoran ya aiko da sharuɗɗa, ba fararen kaya, ba surutu, ba turare. Na ƙarshen nan shi ya fi tayar wa mutane hankali, don Bahaushen Doha gara ya fita ba hula da ya fita ba turare.

Mika'ilu, shugaban gidan kuma sufabaizansu a wurin aiki, ya leƙo ta saman kafaɗar Lado ya nuna ƙasa. A cikin kowane sawun hagu akwai ɗan ɗigo zagayayye, shaidar kan ƙusar da aka ɗaure igiyar silifas da ita.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ai wannan silifas ɗin Garzali ne."

*

Daga barci aka taso Garzali. Dogon direba ne, ƙafarsa kamar faranti, kuma ga silifas ɗinsa nan a ƙofar ɗakinsa da ke ƙasa kusa da famfon alwala, farin gari duk ya manne a ƙasansu. Shi kaɗai aka san bai je masallaci ba. Kowa kuma ya tuna irin cacar bakin da ya yi da Zulkiflu kwanakin baya, da hutunsa ya makara fitowa aka ba wani kujerarsa a motar daji, har ya ce in shi bai je ba, Allah ya sa damisar ta ɓuya musu.

"Wasa nake yi, Oga," ya ce, idonsa ja wur da barci. "Wallahi tun da na dawo daga duti na kwanta ban motsa ba."

"Khalas, ya isa," in ji Mika'ilu. "Ba na son dogon zance. Daga nan zuwa isha'i in fasfo bai fito ba, zan kira ofis, su kuma su kira 'yan sanda. Ka san abin da kafil mai riƙe da bizarka zai yi."

Ya sani, kowa ma ya sani. Baƙon ma'aikacin da aka kama da satar fasfo a ƙasar nan ba sallama kawai za a yi masa ba, sai ya kwana a hannu, sannan a sa shi a jirgi da hatimin da ba zai ƙara dawowa ba. Matarsa Haulatu kuwa tana can Funtuwa da tsohon ciki, shi kaɗai suke kallo.

Garzali ya juya wajen Malam Ɗayyabu, wanda shigowarsa falon ke nan. Malam ƙanin mahaifin Zulkiflu ne, shi ne limamin gidan, ɗan ƙaramin dattijo mai tsantseni. Ba ya shan ruwa a tsaye, ba ya shiga kowace ƙofa sai da ƙafar dama, har samari na tsokanarsa cewa wata rana ƙofar jirgin ƙasa za ta cafke masa riga yana tsakar lissafin ƙafa. Shi ne ya yi jinyar rabin gidan lokacin korona, alhali a watan ne ɗansa tilo ya rasu a gida, bai samu jirgin zuwa jana'iza ba.

"Malam, kai ka san ni," in ji Garzali. "Ka faɗa musu."

Malam ya dubi carbinsa. "Allah ya bayyana gaskiya," ya ce.

*

Lado ya koma sama shi kaɗai. Kafin ya zo Qatar gadin ƙofa, ya yi shekaru yana gadin namun daji a ƙasar Bauchi, kuma gidansu gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Abin da ya sa ma ya shiga tafiyar nan ke nan, yana so ya ga yadda maharban wata ƙasa ke karanta ƙasa. Bai taɓa zaton zai yi bin sawu a kan tayil ba.

Ya tsuguna ya bi sawun ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga abin da ya sa ya tsuke baki. Silifas ɗin dai na Garzali ne, amma diddigen bai zauna sosai ba. Nauyin duk a tsakiya yake, bayan kuwa ja yake yi yana sharar gari, yadda ƙaramar ƙafa ke jan babban takalmi. Takun ma gajere ne, Garzali kuwa in ya yi taku uku ya gama barandar nan.

A bakin ƙofar Zulkiflu ya fi daɗewa. Allah ya taimaka Zulkiflu tsallakewa ya yi da zai shiga, bai ɓata wurin ba. Sawun ya zo tiryan-tiryan, sai a nan ya cure wuri ɗaya, hagu, dama, hagu kuma, kamar mai shi ya ɗan taka rawa kafin ya shiga. Lado ya ce a ransa tsoro ne, ɓarawo ya tsaya sauraro. Amma mai sauraro tsayawa yake cak, ba ya sauya ƙafa. Ya ɗauki hoton wurin a waya ya sauko, abin na ci masa rai.

Ya samu Garzali a bakin gado, ya haɗa kai da gwiwa. "Wa ke sa silifas ɗinka?"

"Baba Lado, wa ba ya sawa? Su ne a bakin famfo. Duk wanda ya yi alwala, wanda ƙafarsa ta samu shi yake zurawa. Kai ma jiya da su ka shiga kicin."

Gaskiya ne, kuma ita ce matsalar. A gidan nan ba wanda ya taɓa tambayar silifas na wane ne, kuma masu ƙaramar ƙafa sun fi rabin gida.

*

Zargi kuwa ya riga ya fara yawo. Wasu suka ce me ya sa Baballe bai tashi barbaɗa magani ba sai yau, ko dai tarko ya ɗana wa Garzali, tunda sun taɓa yin faɗa a kan nama? Lado ya same shi yana yanka albasa, hawaye shaɓe-shaɓe, ba a san na albasa ba ne ko na baƙin ciki.

"Ni?" in ji Baballe, ya ɗaga ƙafarsa ɗaya sama. "Dubi nan, Baba Lado. Wannan ta yi maka kama da ƙaramar ƙafa? Kuma Oga Mika'ilu ne ya ce in barbaɗa yau da kowa zai fita. A mota ɗaya muka tafi da kai, a kusa da kai na zauna, har ka ce ina warin tafarnuwa."

Lado ya tuna, ya ba shi haƙuri. Zai fita Baballe ya rage murya. "In ni ne kai, ƙanwar Zulkiflu zan tambaya. Satin nan kullum sai ta kira shi tana kuka kada ya je. Wa ya sani ko ita ta sa a ɗauke?"

Aka yi la'asar a falo bayan Malam Ɗayyabu kamar kullum. Garzali ya tsaya a ƙarshen sahu, wanda ke kusa da shi ya bar tazara kamar an dawo zamanin korona. Lado ya ga haka, zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai.

*

Na'ima, ƙanwar Zulkiflu, tana karatun digiri na biyu, tana zaune a unguwar Al Gharrafa. Ta yarda su haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib. Da ta ji abin da ake zargi, sai ta dafe ƙirji.

"Ni in sa a yi wa Yaya sata? Baba, ban san ma Garzalin nan ba. Roƙonsa na yi, ban wuce roƙo ba."

"Me ya sa ba ki so ya je?"

Ta soma wasa da bakin mayafinta. "Abin kunya ne a faɗa. Damisa ce kan gidanmu. Tun kafin musulunci ya shigo garinmu, kakanninmu suka ce ɗan gidan ba ya haɗa ido da ita, in ya yi ba zai ga ƙarshen shekara ba. Babanmu ya ce camfi ne, ya je gidan zu ya tsaya a gabanta. Damina ba ta faɗi ba ya rasu. Ciwon hanta ne, likita ya faɗa, ni ma na sani. Amma je ka gaya wa mahaifiyarmu Inna Asibi haka. Tun da ta ji maganar tafiyar nan ba ta ci abincin kirki ba."

"Kin gaya wa kawunku?"

"Shi na fara kira. Faɗa ya rufe ni da shi, wai ina karatu a ƙasar Larabawa ina ɗauke da shirka a ka. Yaya ya ce har wa'azi ya yi muku a kai."

Ya yi kuwa. Lado ya tuna daren da Malam ya tsaya bayan magariba ya ragargaji masu camfi, har Zulkiflu na gyaɗa kai yana murmushi.

Ya raka ta bakin jirgi. Ƙofa ta buɗe, mutane suka duru ciki, kowa da ƙafar da ta zo masa, ba wanda ya ko dubi ƙasa. Lado na kallon ƙafafun nan sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya zaro waya ya sake duban hoton. Hagu, dama, hagu. Jirgi ya tafi da Na'ima, shi kuwa yana nan tsaye bakinsa a buɗe, yana roƙon Allah ya sa idonsa ne ya tsufa.

*

Bayan magariba ya karɓi kofin fulawa a wurin Baballe, ya fitar da kowa tsakar gida, ya barbaɗa ta a bakin ƙofar falo. Ya ce a shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da tafiyarsa ta kullum.

"Wasan yara za mu yi kuma?" in ji Mika'ilu. "Yalla, a yi a gama, lokaci na tafiya."

Shi ya fara wucewa, sai Zulkiflu, sai Baballe, sai sauran. Garzali ya shiga da silifas ɗinsa, Lado ya nuna musu yadda diddigen ya zauna daram, ya ɗora hoton na sama a gefe. Ko makaho ya shafa ya san ba ƙafa ɗaya ba ce. Aka fara kallon juna, masu ƙananan ƙafafu suna ɓoye nasu a ƙarƙashin riga.

Saura mutum ɗaya a waje.

"Malam ai ba sai ya yi ba," in ji Zulkiflu, har da ɗan fushi. "Kawu, zagayo ta kicin."

"Bari ya shigo ta nan," in ji Lado.

Malam Ɗayyabu ya tako a hankali. Da ya iso bakin ƙofa, hagu ce a gaba. Ya dubi fulawar, ya ɗago ya dubi Lado, kuma Lado ya ga a idonsa cewa ya gane sarai. Taku ɗaya kawai zai yi da hagun nan ya wuce, magana ta mutu. Ya daɗe a tsaye, carbi na kaɗawa a hannunsa. Sannan ya ja hagun baya, ya daidaita, ya ce bismillah, ya shigo da dama.

Lado ya ajiye wayar a ƙasa kusa da sabon sawun. Baballe ya zame ya zauna a ƙasa daɓas.

Malam ya sa hannu a aljihun ƙirjin jallabiyarsa, ya zaro koren fasfo, ya miƙa wa Zulkiflu. A jikinsa yake tun azahar. Da shi ya ja su la'asar, da shi ya ja su magariba.

"Kawu?" in ji Zulkiflu. Bai karɓa ba. "Kai da ka ce camfi ne?"

"Camfi ne," in ji Malam. "Har gobe camfi ne, na sani, na karanta, na karantar. Amma ni na raka mahaifinka gidan zu, ni na wanke shi. Nawa ɗan ko wanka ban samu yi masa ba. Kai kaɗai ka rage mana namiji." Ya goge fuska da hannun riga. "Na fita kamar na tafi masallaci, na jira kuka tashi, na dawo. Na sabunta alwala, na zura abin da na samu a bakin famfo. Ban ko duba na wa ne ba. Na ce in jirgi ya tashi sai in mayar, a ce ya faɗa bayan gado."

Mika'ilu, wanda wayar kiran ofis ke hannunsa tun ɗazu, ya mayar da ita aljihu kamar ta ƙona shi. Ya buɗe baki zai ba Garzali haƙuri, amma Garzali ba shi yake kallo ba.

"Malam," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Lokacin da korona ta kwantar da ni, kai ka riƙa ba ni kunu a baki. Shi ya sa ɗazu ban kira kowa ba sai kai. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Da isha'i ta yi, Oga ya ɗaga waya, da za ka yi magana?"

Duk falon aka zuba wa dattijon ido, kowa na fatan ya ce e, ko da ƙarya ce. Lado kansa ya ji yana roƙon hakan a zuci.

"Ban sani ba, Garzali," in ji Malam. "Wallahi ban sani ba."

Garzali ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda aka gaya wa lokacin tashin mota. Bai yi zagi ba, bai yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai tsorata Lado.

Ana haka aka kira isha'i a masallacin unguwa. Suka miƙe suka daidaita sahu, dardumar liman na shimfiɗe ba kowa a kai. Malam ya wuce can baya ya tsaya shi kaɗai. Daga ƙarshe Mika'ilu ya tura Lado gaba, ya ja su da gajerun surori, yana tuntuɓe a ayoyin da ya haddace tun yana yaro.

Zulkiflu ya ɗauki fasfonsa daga kan tabarma bayan an sallame. Ya ce Indiya dai zai tafi, kuma in Garzali yana so, kujerar wani ta zama tasa, shi zai san yadda zai yi da ɗan jagora. Garzali ya yi godiya ya ce ya ƙoshi.

Ya fita tsakar gida, Lado na kallonsa ta taga. Ya tsuguna a bakin famfo ya wanke silifas ɗinsa tas, sama da ƙasa, har wajen kan ƙusar. Sannan, maimakon ya ajiye su a inda suka saba zama, ya ɗauke su a hannu ya shige ɗaki da su, ya murza makulli.

Da asuba Lado ya fito alwala, ya tarar da bakin famfo wayam, ko silifas ɗaya babu. A kan tayil mai sanyi ya taka ya koma, ƙafarsa a jiƙe.